'Yar Rara Ta Ƙi Cin Abinci

Medan, 26 ga Agusta, 1996

Zuwa ga yayana, Abang Laung,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Eda Derhana da duk mutanen Aek Nabara. Ni ma lafiya lau, sai dai ɗinkin kayan makaranta da ya taso ni gaba har bayana ya ƙage.

Saƙo ya iso. Direban bas ɗin ya miƙo min kwalin da yatsa biyu, ya ce an faɗa masa busasshen kifi ne, amma shi tun da yake bai taɓa jin kifin da ke huci ba. Na ce masa na garinmu haka yake. Ban buɗe ba sai da na shiga ɗaki na saka sakata.

Abang, da na kwance bakin jakar na gan ta, zama na yi a ƙasa. Ba ta yi ja ba tukuna, na san jar mesa sai ta shekara biyu take rinewa, amma kan nan mai ruwan toka da guntuwar wutsiyar, uwarta Rara ce sak. Har halin ma. Ina miƙa hannu ta kumbura ta kawo min sara, abin da tsawonta bai wuce tsintsiyar hannuna ba. Na yi dariya, daga nan kuma sai kuka ya ƙwace min.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, amma jiya ji na yi kamar yana tsugune a bayan gida yana yi wa Rara hira. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kama mesa a gandun kwakwar manja yana kai wa masu fata, amma wannan ɗaya ya ce ko da zinare aka auna ta ba ta sayarwa ba ce. Ina tuna ranar da ya haɗa hannunmu a asibiti: kai ka riƙe Rara har ta mutu don kanta, ni kuma in ta sake ƙyanƙyasa a ba ni ɗaya. Ka cika alkawari, Allah Ya saka maka da alheri. Har ɓawon ƙwan da ta fito daga ciki ka sako min a ƙyalle, yadda Baba yake yi in ya ba mutum ɗa. Ban ma warware ba, na ajiye a ƙasan akwati.

To yanzu sai ka koya min, don ka san ni tun ina 'yar shekara goma sha biyar na bar gida, kallo kawai na sani. Na sayo mata babban akwatin gilashi wajen masu kifin ado, na zuba yashi, na dasa reshe, na ɗora shi a kan tebur kusa da taga don ta sha iska. Daidai ne? Me zan ba ta, kuma yaushe? Ta yi ci ukun nan da Baba ya ce ba a raba ɗa da gida sai ya yi?

Yaya Rara bayan kwanci? Na san ta rame. Don Allah a yanka mata kaza mai ƙiba da sunana. Sauran 'ya'yan fa, ka sake su a gandu kamar yadda Baba ya saba?

Ka gaishe min da Eda, ka ce ina kewar miyarta ta dakakken ganyen rogo.

Ƙanwarka,
Masdelima

*

Aek Nabara, 31 ga Agusta, 1996

Delima,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, muna lafiya.

Gilashin nan ki mayar wa mai shi ko ki zuba kifi a ciki. Duk abin da kika yi ba daidai ba ne. Ita ba 'yar kallo ba ce, kuma ba ta hawa reshe. A ƙarƙashin tarin ganyen kwakwa ake samunsu, inda duhu da danshi. Ki samo robar abinci mai murfi, tsawon takalminki biyu, ki huda gefenta da ƙusa mai zafi. Ki shimfiɗa jarida, ba yashi ba. Ki kifa rabin ɓawon kwakwa da kika yi wa ƙofa, wanda in ta shiga jikinta zai taɓa ko'ina. Fili mai yawa tsoro yake ba ta, mai tsoro kuma ba ya cin abinci. Ruwa a ƙaramin kwano mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. Ki ajiye robar a ƙasa a kan siminti, nesa da taga, don zafin kwanon rufinku na Medan zai iya kashe ta da rana ɗaya. Danshi ake so, ba jiƙa ba. In jaridar ta jiƙe ki canza.

Kada ki taɓa ta har kwana bakwai. Na san halinki, za ki riƙa ɗaga murfi kina leƙe. Ki bari. Bayan nan ki ba ta ƙaramin ɓera wanda kaurinsa bai wuce tsakiyar jikinta ba, da yamma. In ta ci, kwana biyu babu taɓawa. In kin ga ta yi wata ba ta yi kashi ba kada ki tayar min da hankali da takarda, haka suke.

Ta ci sau uku kafin in aiko ta. Rara tana nan ƙalau, ta ci kazarta. Sauran na yi da su yadda ya kamata.

Derhana tana gaishe ki.

Yayanki,
Parlaungan

*

Medan, 19 ga Satumba, 1996

Abang Laung,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ba zan ce lafiya ba.

Duk abin da ka faɗa na yi. Gilashin yana wajen maƙwabciyata, ta dasa albasa a ciki. Kwana bakwai cur na daure ban ɗaga murfi ba, Allah shaida ne, har zama nake kusa da robar ina ɗinkin hannu kamar mai jinya. Ranar ta takwas na je kasuwar tsuntsaye na sayo farin ɓera. Ta dube shi ta cusa kanta ƙarƙashin jikinta. Na bar kwana biyar na sake. Wannan karon ta sare shi ta saki, irin saran kora, ba na yunwa ba. Na uku ɓeran har ya hau bayanta ya zauna yana wanke fuska, don wulaƙanci. Yanzu ina da ɓeraye uku a keji suna cin shinkafata suna ƙiba, ita kuwa ƙashin bayanta ya fara fitowa, fatar gefenta ta yi naɗi. Ka faɗa min, me ta ci a wajenka har sau uku? Ɓeran gandu ne ko ɗan tsako? Mai rai ko matacce? Ko meye zan nemo.

Akwai kuma wata magana, ka yi haƙuri da ni. Shekaranjiya kewar Baba ta dame ni, sai na ɗauko ƙyallen nan na warware. Abang, akwai alamar fensir a saman ɓawon. Gicciye ne ƙarami, da lamba goma sha ɗaya a gefensa. Kuma bakin da ta fito ba tsagar ɗa ba ce. Tsagar ɗa na san ta, barkatai take, nan da can. Wannan yanka ne miƙaƙƙe na almakashi, ni da almakashi nake kwana nake tashi.

Kallo kawai na sani, amma na kalla da kyau. Ba a yi wa ƙwai alama sai in an ɗauke shi daga ƙarƙashin uwa za a sa a akwati, don kada a juya shi ɗan ya mutu. Baba bai taɓa yi ba. Yana cewa uwar da ta naɗe ƙwanta ba ta buƙatar fensir ɗin kowa. Shekara goma sha tara Rara tana gidanmu, sau shida ta yi ƙwai, ba ta taɓa tashi daga kansu ba sai da na ƙarshe ya fito. To me ya faru bana? Ba ta da lafiya ne kake ɓoye min don kada hankalina ya tashi? Kuma wannan lambar ba rubutunka ba ne, kai ɗayanka kamar ƙugiya kake yin sa.

Ina jiran amsa da bas ɗin farko.

Ƙanwarka,
Masdelima

*

Aek Nabara, 24 ga Satumba, 1996

Delima,

Salam. Kin zama ɗan sanda ke nan, har da duba rubutu.

Ruwa ne ya shiga rumfar Rara a watan Mayu, ta tashi daga kan ƙwan, dole na kai su wajen wani mai akwati. Shi ke nan maganar. Ta tsufa, ba yadda kika san ta ba ce. Ita ƙaramar kuma baƙunta ke damunta, ki ƙara mata mako biyu. Kin cika gaggawa.

Aiki ya yi min yawa yanzu, ba kullum nake gida ba. Kada ki yi wahalar zuwa.

Parlaungan

*

Aek Nabara, 29 ga Satumba, 1996

Eda Delima, 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya ɗinki, ya haƙuri. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji huɗu na tsaya. Katin da kika aiko cewa ranar Asabar kina hanya a hannuna ya faɗa, yayanki yana Rantauprapat, kuma ban nuna masa ba. Tun da na karanta na kasa cin abinci. Gara ki ji a bakina da ki zo ki tarar da rumfa babu kowa ki faɗi a tsakar gida.

Eda, Rara ba ta nan. Tun watan Mayu.

Babu ruwan da ya shiga rumfa. Ƙwai goma sha bakwai ta yi, manya, farare tas, ta naɗe su kamar yadda ta saba. Kwana biyu da yi sai ga Ramlan mai fata da motarsa. Kin san shi, wanda tun Baba yana da rai yake zuwa yana zagaya rumfar yana cewa bai taɓa ganin ja irin nata ba, Baba yana korarsa da dariya. Su biyu suka shiga. Yayanki ne ya jefa mata buhu a ka, ya warware ta daga kan ƙwan da hannunsa. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Ba ta ko sare shi ba, Eda, ta san warinsa. Sai ƙoƙarin komawa kan ƙwan take yi, yana jawo ta. Na ce masa ya ji tsoron Allah ya tuna Baba, ya ce in koma in duba tukunyata.

Washegari aka yanka ta a wajen Ramlan. Ni ban gani ba, matar mai yi musu fiɗa ce ta faɗa min a kasuwa, wai fatar ba a haɗa ta da sauran ba, daban aka shanya ta. Ƙwan kuma Ramlan ya sa a akwatunansa. Abin da ya ba yayanki shi ne babur, da kuma cewa duk macijin da aka kama daga nan har bakin kogi ta hannunsa zai bi. Shi ne aikin da ya ce miki ya yi masa yawa.

Goma sha biyar suka fito. Ba a saki ko ɗaya a gandu ba. Ramlan yana da wanda ke saye a Jakarta yana turawa ƙasar waje, amma ba ya karɓar sai wanda ya fara ci. Goma sha huɗu suka ci aka tafi da su. Taki ita ce ta ƙi. Mako shida suna gwadawa, daga ƙarshe Ramlan ya ce a jefar ko a ba agwagi. Shi ne yayanki ya kawo ta gida a aljihun riga, ya ce ai ga ta Delima ta samu. Ɓawon ma ni na ce ya karɓo, don na san za ki tambaya. Ban san akwai rubutu a kai ba.

Ba ta taɓa cin komai ba, Eda. Tun da ta zo duniya ko sau ɗaya. Abin da ta fito da shi a cikinta daga ƙwai shi ya riƙe ta har yau, kuma na ji Baba yana cewa wannan ba ya wuce wata uku ko huɗu. Ki ƙirga daga tsakiyar Yuli.

Na san Baba yana da yadda yake yi da irin waɗannan masu taurin kai, amma ba ya bari mu tsaya a wajen, yayanki kaɗai ya koya wa. Ni da na sani da na rubuta miki.

Kaza kuwa da kika ce a yanka da sunanki, an yanka. Mu muka ci.

In za ki rubuto min kada ki aiko gida. Ki aika rumfar ƙanwata Tetti mai sayar da barkono a kasuwa, za ta ajiye min. Ki yafe min shirun da na yi wata huɗu.

Taki,
Derhana

*

Medan, 3 ga Oktoba, 1996

Parlaungan,

Assalamu alaikum, don sallama haƙƙin kowane Musulmi ce.

Na san komai. Kada ka tambayi inda na ji, Aek Nabara ba ta da girman da za a shanya fatar Rara mutane su kasa gane ta. In kuma ka ɗaga wa wani murya a gidan nan saboda wannan takarda, zan zo in tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a in faɗi abin da ka yi da ƙarfi.

Kwana biyu ina rubuta wannan ina yagawa. Ka sayar da ita tana kan ƙwanta. Ko masu fatar da Baba yake kira marasa imani suna jira uwa ta tashi. Kai ka sa hannun da Baba ya riƙe a asibiti ka ɓamɓare ta, don babur. Da ka rubuto ka ce Delima na gaji, ba zan iya ba, wallahi da na zo da buhu na ɗauke ta, ko a ƙarƙashin gadona ne ta ƙarasa kwananta. Ba ka tambaye ni ba don ka san amsar.

Amma ka san abin da ya fi ci min rai? Ba sayarwar ba ce. Na zauna na rubuta maka Allah Ya saka da alheri. Na yi kuka a kan kwalin da ka aiko, ina cewa yayana ya cika alkawari, ashe abin da aka ce a ba agwagi ne ka naɗe ka aiko min. Ka karanta godiyata, ka ɗauki biro ka rubuta ta ci sau uku. Mako uku ina zarya kasuwar tsuntsaye, ina zargin kaina, ina cewa hannuna ne ba shi da albarka. Da ka faɗi gaskiya tun ranar farko da tuni na nemi hanya tana da sauran ƙarfi. So kake ta mutu a hannuna, in ce ni na kashe jinin Rara na ƙarshe, kai kuma ka rubuto ka ba ni haƙuri. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, kuma ban taɓa zaton daga wajenka zai zo ba.

Yanzu ga halin da ake ciki. 'Yar Rara ta daina huci. In na buɗe robar ba ta ko janye kanta. Jiya na ɗaga ta, nauyinta kamar na igiyar wando. Na je wajen likitan dabbobi, ya ce shi karnuka da kyanwa ya sani. Mai sayar da ɓera ya ce in ɗura mata ɗanyen ƙwai da sirinji, na ji tsoro kada in shaƙe ta.

Baba ya koya maka yadda ake ciyar da wadda ta ƙi ci. Kai kaɗai. Ba roƙonka nake ba, ilimin ba naka ba ne, ajiya ce aka ba ka, kuma ita kaɗai ce ba ka sayar ba tukuna. Ka rubuto min shi dalla-dalla, kada ka rage komai. Bayan nan ba na buƙatar wani abu daga gare ka.

Masdelima

*

Aek Nabara, 8 ga Oktoba, 1996

Delima,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ba zan musa ba, haka aka yi.

Amma tun da kin faɗi naki, ki ji nawa. Ke kin tafi Medan kina da shekara goma sha biyar, Rara a wajenki labari ce mai daɗi da ake tunawa da salla. Ni ne mai kwashe kashinta. Ni ne mai bin gandu da tarko ina nemo mata ɓera tun ina aji uku. Kin tuna shekarar da na yi wata biyu ban je makaranta ba don babu takalmi? A shekarar Baba ya ɗauki 'ya'ya ashirin da ɗaya a buhu, ni na riƙe masa, ya sake su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin ganye yana cewa yana mayar wa gandu haƙƙinsa. Ina kallon takalmana suna shiga ciyawa. Bai taɓa zama ya yi min hira yadda yake yi wa macijiyar nan ba. Da zai mutu ma ba cewa ya yi ki kula da yayanki ba, cewa ya yi in kula da ita. Shekarata talatin da ɗaya, ina tafiya a ƙasa ina kama wa wasu maciji. Yanzu ni ake kawo wa. Ban ce na yi daidai ba. Na ce na gaji ne.

Ƙaryar ci uku kuwa, na ɗauka in ta canza wuri za ta ci don kanta, wasu suna yi. Da ta ci da babu wanda ya ji ciwo.

Ga abin da kika tambaya. Ki yi shi daidai, don ba ta da ƙarfin gwaji da yawa.

Da farko ruwa. Ki sa ta a ruwa mai ɗumi kamar jikin mutum, wanda bai rufe bayanta ba, na ɗan lokaci, kwana biyu a jere. Wadda ta bushe ba ta iya haɗiya. Ranar ta uku ki samo jinjirin ɓera wanda bai yi gashi ba, mafi ƙanƙanta, ba irin waɗanda kike saye ba. Ki kashe shi, ki tsoma a ruwan ɗumi ya yi santsi. Ki zauna a ƙasa, robar a buɗe a gabanki, don in kin fara babu tashi. Ki riƙe ta a bayan kai da yatsa uku, ba matsewa ba, sauran jikin a kan cinyarki. Ki goga hancin ɓeran a gefen bakinta har ta ji haushi ta buɗe. Tana buɗewa ki sa kan kawai, ki ja shi baya kaɗan ya maƙale a haƙoranta, ki rufe bakin a hankali. Kada ki tura shi maƙogwaro. Masu turawa su ke kashewa. Baba yana cewa namu mu kai shi ƙofa ne, shigarwa nata ne.

Sai ki sauke ta cikin robar a hankali, ki zare hannunki kamar mai gudun tashin jariri. Daga nan kada ki motsa. Ko sauro ya cije ki, ko ƙafarki ta mutu, ko an buga ƙofa. In kin motsa za ta tofar. In ta tofar ki bar ta kwana huɗu ki sake. Kada ki wuce sau uku. In ta haɗiye, bayan mako ki maimaita, yawanci a na uku ko na huɗu suke fara kamawa da kansu.

Wata magana kuma, ki yi tunani kafin ki yi fushi. Na faɗa wa Ramlan tana nan da rai, ya yi mamaki. Ya ce a duk ƙyanƙyasar ita ce ta ɗauko zanen uwar, kuma mace ce, ya yi nadamar sakin ta. In ta fara ci yana so, zai yi kiwonta don iri, ba yanka ba. Zai ba ki keken ɗinki mai lantarki sabo. Na ce masa zan shawo kanki. Nan da shekara uku za ta yi kaurin cinyarki, ina za ki kai ta a ɗakin haya? Ƙarshen wata muna da kaya zuwa Medan ni da shi, za mu biyo mu gan ta. Ki sanar da ni halin da take ciki.

Yayanki ko kin ƙi ko kin so,
Parlaungan

*

Medan, 20 ga Oktoba, 1996

Eda Derhana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Tetti, Allah Ya saka muku.

Ta ci, Eda. Na farko ta tofar, don maƙwabciyata ta ƙwala min kira na waiga. Na biyu, ranar Alhamis, na zauna har ƙafafuna suka daina zama nawa. Ta daɗe da abin a bakinta ba ta motsa ba, ni ma haka. Can sai na ga muƙamuƙinta ya matsa, gefe ɗaya, sannan ɗayan. Hawaye suna zuba min har cikin baki, ban share ba sai da wutsiyar ɓeran ta shige. Yau da safe na ɗaga murfi ta yi min huci.

A bas ɗin da ya kawo miki wannan akwai takardar da na rubuta wa mijinki. Layi biyu ce. Na ce masa ta mutu ranar Talata, na binne ta a bayan gida, kada su wahalar da kansu su biyo. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau.

Ƙarshen mako zan tashi daga wannan ɗakin. Sabon adireshin zan ba Tetti, ke kaɗai. In ya nuna miki takardarsa ki yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Wannan kuma ki sa ta a murhu da kin gama karantawa.

Taki har kullum,
Masdelima